Raken Ɗan Barto

Amatullahi tana cikin ɗaura wa Inna Rabi abin awon tansiyo, wato hawan jini, a dantse, sai tsohuwar ta janye hannu ta leƙa wajen ƙofa.

"Wai 'yata ba ta zo ba tukuna?"

"Wace 'yar taki, Inna Rabi?"

"Fadila mana. Mai sanyin hannun nan."

Amatullahi ta kamo hannun ta ɗaure, ta matsa iska fiye da yadda ya kamata, har tsohuwar ta ce wash. Mai sanyin hannu! To ita nata hannun garwashi ne? Hannun nan da ya karɓi haihuwar jikokin Inna Rabi ɗaya bayan ɗaya, shi ya ɗinke wa ɗanta Yahaya goshi lokacin da jaki ya kayar da shi. Ga Yahayan nan a tsaye a bakin gado da tabonsa, ƙato da gemu, jiya jiya ya dawo daga cirani a Kano ya tarar da uwarsa tana tari da zazzaɓi, ya goyo ta a babur daga Ɗan Barto.

"Sanyi ne ya kama miki huhu," in ji Amatullahi. "Sai an kwantar da ke, a sa miki ruwa, a fara allura."

"To, a bari Fadila ta zo ta sa min. Nata ko cizon sauro bai kai ba."

Yahaya ya ji kunya. "Haba Inna, Madam ce fa."

"Ai Amatullahi ta gida ce, ba ta fushi da ni. Yahaya, ka kula da raken can na kan babur, kada yara su zare. Na 'yata ne, na yi mata alkawari tun zuwana na baya."

Nan ne abin ya soki Amatullahi. Shekara ashirin da 'yan kai tana aiki a wannan ƙaramin asibitin unguwa na Matameye, kuma ba a taɓa saran rake a koramar su Inna Rabi ba tare da an ɗauro mata dami an kawo har ƙofar gida ba. Ba don raken ba, wallahi, haƙoranta ma sun daina son sa. Amma nata ne. Ta ɓallo ƙwayar zazzaɓi ta miƙa wa tsohuwar da kofin ruwa.

Fadila daminar bara ta zo daga lakwal, makarantar koyon jinya ta Damagaram. Da yarinyar tana da girman kai, da abin ya zo da sauƙi, sai a tsane ta a huta. Ina! Durƙusawa take ta gaishe ta, Yaya kaza, Yaya kaza, kamar nono ɗaya suka sha. Ta iya laluben jijiya ko a hannun jaririn da gudawa ta tsotse. Ta iya dariya da tsofaffi. Kafin a ankara, matan da ke layi a kan benci sun fara barin a wuce su, wai suna jiran ƙaramar. Sai kuma Majo Hashimu, shugaban asibitin, ya tura ta taron ƙaro sani a Damagaram, taron da Amatullahi ta daɗe tana jiran a ce ita. Ranar ta fice daga zauren wayar da ma'aikata ke aika wa juna saƙo, ta ce surutu ya yi yawa. Lambar Fadila kuwa ko ajiye ta ba ta taɓa yi ba.

Abu ɗaya ya rage mata wanda yarinyar ba ta da shi: ta san jikin mutanen ƙasar nan. Karnen asibiti, ɗan littafin da ake rubuta tarihin mara lafiya, ba ya daɗewa a hannun mutanenmu. Wani gara ta cinye, wani ruwan sama ya jiƙa, wani an ƙunshe ƙosai da shi. Don haka tun zamanin tsohon majo aka saba, idan azahar ta yi, mai sauka daga aiki da mai karɓa su zaga gadaje tare, a faɗi komai da baki: wannan ga abin da aka ba shi, wancan ga abin da za a kiyaye. Kuma duk abin da ya wuce shekara biyu, a kan Amatullahi yake ajiye. Ita ta san wane ne sikari ke cinsa yana ɓoyewa, wace ce ke zubar da jini bayan haihuwa. Ita ta san cewa jikin Inna Rabi ba ya karɓar allurar ampisilin, don ita da hannunta ta taɓa yi mata, shekarun baya da lauje ya sare ta a ƙafa. Tsohuwar ta kumbura ranar kamar an hura salka, da ƙyar aka shawo kanta. Har yau ita dai cewa take farar da ta ci da safe ce ta yi mata haka. Amatullahi ta yi bayani har ta gaji, tsohuwar ta ce, "Ke dai riƙe a kanki, ni kaina na gero ne."

Ana kiran azahar Fadila ta shigo da sauri tana gyara farar riga.

"Yaya, sannu da aiki. Ki yi haƙuri, yau kasuwa, hanya ta cushe."

"Mu je."

Suka fara zagaye. Gado na farko yaro mai zazzaɓin cizon sauro, ga abin da ya sha, ga lokacin na gaba. Na biyu mai jego, a duba jinin. Amatullahi tana magana tana kallon bango, Fadila tana bin ta da to Yaya, to Yaya. Da suka iso gadon Inna Rabi, maganar tana kan harshenta. Allah ya sani tana kan harshenta, har ta buɗe baki.

"Lale, lale da 'yata!" Tsohuwar da ɗazu ko numfashi da ƙyar take ja, ta yunƙura ta kamo hannun Fadila da hannu biyu. "Tun safe nake jiranki. Na hana kowa ya taɓa ni."

Kowa. Yau ita ce kowa.

Fadila ta yi dariya ta shafa goshin tsohuwar. "Kai Inna, jikin ya yi zafi haka? Yaya, wannan kam ki bar min ita, na san ta. Ki je ki huta."

"Huhu ne. Na ba ta na zazzaɓi," in ji Amatullahi. "Tunda kin san ta, shi ke nan."

Ta wuce ɗakin ma'aikata ta cire farar riga. Ba ta yi sauri ba. Ta ninke rigar, ta warware, ta sake ninkewa. Ta yafa mayafi ta tsaya gyara shi a gaban tagar da ba madubi. Jira take. Yarinyar ta leƙo kawai ta ce, Yaya, akwai abin da ya kamata in sani game da Inna? Shi ke nan abin da take so, ta tambaye ta. Da ta faɗa mata har da shekarar da abin ya faru. Amma abin da ke zuwa mata daga ɗakin jinya dariya ce, tsohuwar tana ba da labarin raken bana. Ta ja tsaki ta ɗauki jaka. A bakin ƙofa ta ga damin raken a ɗaure a bayan babur, manya manya, baƙaƙe, irin na gindin korama.

A hanya ta shiga lallashin kanta. Ai ampisilin ya ƙare a farmasi tun makon jiya, da idonta ta ga kwalin wayam. Dole ɗayan maganin za a ba ta, wanda ba ya yi mata komai. Ba abin da zai faru. Gobe da safe, a gaban Majo, sai ta ce cikin sanyin murya, af, Fadila, kin kuwa san Inna Rabi ba a yi mata ampisilin? Ta ga yadda fuskar za ta yi. Tunanin ya yi mata daɗi, ba za a ɓoye ba, har ta ji yunwa.

Kasuwa ta cika ta batse. Motocin ƙauye sun jeru a tasha da buhuna a kai, amalanken shanu suna kutsawa, masu kabu-kabu suna ta hon. Ta sayi tattasai, ta sayi daddawa, ta tsaya wajen mai albasa tana ciniki. Can ta ji an ce, "Madam, a rage mana mu ma mu samu!"

Isufu ne mai farmasin asibitinsu, da tsinken tsire a hannu da mai a gemu.

"Kai kuma wa ka bar wa farmasin?"

"Na gudo in sa wani abu a ciki. Tun hantsi nake sauke kwalaye, bayana kamar zai karye. Kayanmu sun iso daga Damagaram, kina ɗakin haihuwa lokacin. Sirom na ƙarin ruwa, safar hannu, ampisilin har kwali biyu. Yanzu ma kafin in fito na miƙa wa Fadila, wai na tsohuwar nan ta Ɗan Barto."

Albasar ta zube daga hannun Amatullahi.

"Me ka ba ta?"

"Ampisilin. Lafiya, Madam?"

"Kira ta! Kira ta yanzu, ka ce kada ta yi!"

"Ke ba ki da lamb..."

"Isufu, kira ta don Allah!"

Ya laluba aljihu da hannun mai, ya danna. Waya ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ai ba za a ɗauka ba. Fadila a jaka take barin wayarta idan tana aiki, kuma Amatullahi ce da kanta ta taɓa yi mata faɗa a kan haka a gaban marasa lafiya. Majo kuwa tun safe yana wajen taro.

"Ka kira Majo, ka ce a turo ambilans!"

Ta bar kayan miyar a nan, ta tare mai kabu-kabu ta haye ba ko ciniki. "Asibitin unguwa, ka yi sauri, rai ne!" Mutumin ya kutsa tsakanin tumaki da masu tallan fura, wata amalanke ta tokare hanya, mai ita yana ta faɗa da sa. Amatullahi tana salati a fili, mayafinta ya zame ba ta sani ba. Ya Allah kada ta yi tukuna. Ya Allah a ce jijiya ta ɓuya. Karo na farko ke nan da ta yi fatan hannun yarinyar nan ya kasa, kuma ta san ba zai kasa ba.

Tun babur bai tsaya ba ta dira. Ba ta nufi ɗakin jinya ba. Ta faɗa ɗakin wankin ciwo da ke bakin ƙofa, ta buɗe kabad, ta fasa kwalbar adirenalin, maganin irin wannan kumburin, ta zuƙe a sirinji. Tana fitowa suka yi karo da Fadila, ta taho a guje ido waje.

"Yaya! Inna Rabi ce, ta..."

"Ga shi a hannuna. Koma!"

Tsohuwar tana zaune a gado tana yaƙushin wuyanta. Leɓɓanta sun yi suntum, idanu sun shige, numfashinta yana fita da ƙara kamar ana busa ƙaho mai tsaga. Yahaya ya riƙe ta yana kiran Inna, Inna. Amatullahi ta ɗage zanen ta caka allurar a cinya.

"Nawa ya shiga?"

"Rabinsa. Da ta ce jikinta na ƙaiƙayi na tsaya."

"Kin cire robar?"

"Na cire, na bar allurar a jijiya."

"Madalla. Sa sabon sirom, buɗe shi duka. Yahaya, kwantar da ita ka ɗaga ƙafafun, ɗaga sosai! Fadila, tansiyo."

"Ya faɗi ƙwarai, Yaya, da ƙyar nake ji."

"Na ji, ya faɗi. Jawo injin iska."

"Na kunna. Na sa mata."

Haka suka yi ta yi, wannan ta faɗa, waccan ta maimaita. Abin da ɗaya ta gani sai ta furta da ƙarfi, ɗayar ta amsa. Da numfashin ya ƙi sakin tsohuwar, Fadila ce ta kalli agogo ta ce lokacin ta biyu ya yi, Amatullahi ta ce zuƙo, kafin ta rufe baki sirinjin yana tafin hannunta. Maganar da suka yi a bakin gadon nan ta fi duk wadda suka yi tun zuwan yarinyar. Kuma abin haushi, aikin ya tafi sumul, kamar sun shekara goma suna yi tare.

A hankali ƙarar ta ragu. Ƙirjin ya fara ɗagawa yana sauka. Fadila ta ɗora yatsu a wuyan hannun tsohuwar ta daɗe, sannan ta ce, "Yana dawowa." Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Inna Rabi ta buɗe ido ɗaya da ƙyar, ta motsa kumburarrun leɓɓa.

"Ban... ci fara ba... yau."

Yahaya ya fashe da kuka da dariya a haɗe.

Ambilans ta iso tare da Majo Hashimu, Isufu a bayansu yana haki, ya riƙo har da tattasan da Amatullahi ta bari. Aka shirya tsohuwar za a kai ta babban asibiti a sa mata ido. Mutanen kan benci duk sun taso sun cika baranda. Majo ya ji labari daga bakin Yahaya da Isufu, ya juyo ya dubi Amatullahi a gaban kowa.

"Kun gani ko? Ta sauka daga aiki, tana tsakiyar kasuwa, ta ji sunan magani kawai ta baro kayanta ta rugo. Wannan shi ne sanin aiki. Madam, Allah ya bar mana ke."

"Amin!" in ji baranda gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta ce ai tun da can sun sani, Amatullahi ita ce asibitin.

Sai ya dubi Fadila, fuskarsa ta canza. "Ke kuma ba ki tambayi mara lafiya ba kafin ki yi allura?"

"Na tambaye ta, Majo. Ta ce ba maganin da ke damunta, fara ce kawai ba ta ci."

"Za mu yi magana a ofis. Dole in kai rahoto sama, rai aka kusa rasawa."

Kafin Yahaya ya bi ambilans, ya kwance damin raken daga babur ya rungumo shi, ya dire a gaban Amatullahi, ya durƙusa.

"Inna ta yi min nuni da hannu in ba ki. Madam, ba mu da bakin godiya. Da ba ki zo ba, da yanzu wani zance ake."

"Ba komai," in ji ta. "Allah ya ba ta lafiya."

Ga rake ya dawo. Ga yabo a gaban jama'a, irin wanda ta yi shekara tana ƙishirwarsa. Ta tsaya tana jiran daɗin ya zo, bai zo ba. Bakinta ɗaci kawai yake.

Da mutane suka watse ta jawo damin zuwa bakin famfon tsakar gida, ta tsuguna tana wanke hannu. La'asar ta yi, inuwar dogon yaro ta kai har gindin katanga. Ta ji taku a bayanta. Fadila ce, idanunta jawur. Ta tsuguna ita ma ta tara hannu a ruwan.

"Na gode," in ji Fadila. "Da kisan kai zan yi yau."

"Ya wuce."

"Wani abu ne dai ya tsaya min a rai." Ba ta ɗago ba, tana ta cuɗa yatsunta. "Da muka yi karo a ƙofa, allurar tana hannunki, kin riga kin zuƙe. Ba ki ga Inna ba tukuna. Ban gama faɗa miki ba ma. Isufu ya ce yana ambaton sunan maganin kika zubar da albasa."

Ruwa yana ta zuba a kan siminti. Amatullahi ta nemi abin cewa. Na manta, za ta iya cewa. Na zaci maganin ya ƙare, wannan ma gaskiya ne. Amma yarinyar ta ɗago ta dube ta, sai duk suka maƙale.

"Da azahar kin sani," in ji Fadila a hankali. "Muna tsaye a kanta, kin sani."

"Kin ce kin san ta."

Da ta ji maganar a kunnenta, ita kanta sai da ta runtse ido.

Fadila ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Na san ba kya so na. Tun zuwana na sani, na ce wata rana zai wuce. Da ni ce a kan gadon, wallahi da na gane. Amma Inna Rabi me ta yi miki?"

Amatullahi ta dubi damin raken. Me za ta ce? Rake?

Fadila ta rufe famfon, ta miƙe ta goge hannu a farar rigarta. "Ba zan faɗa wa kowa ba. Ni na yi allurar, ni zan amsa. Mai jego tana jirana, Madam."

Madam. Shekara guda kalmar Yaya tana ƙona mata rai, yau an ɗauke ta, sai ta ji kamar an zare mata zane a kasuwa. Ta bi bayan yarinyar da kallo har ta kusa shiga ɗakin jinya.

Tagar ofis ta buɗe, Majo ya leƙo da biro a hannu.

"Fadila! Zo mu gama da rahoton nan."

Fadila ta tsaya, ta juyo za ta nufi ofis. Amatullahi ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Majo, tana da mara lafiya a hannu," in ji ta. "Ni zan shigo."

"Ke kuma, Madam? Ai ke kin gama naki, je ki huta. Ga rakenki can kada awaki su far masa."

Ba ta waiwaya ba. Ta gyara mayafinta, ta hau matakalar, ta tura ƙofar ofis ta rufo ta a bayanta.